Na Wajen Inna

Unguwar da na zauna a Gusau, lokacin ina magatakardan alƙali, ba ta kowa da kowa ba ce. Tana gefen gari ta wajen gulbi, inda ƙasa ke riƙe damshi har tsakiyar rani. A shekarun nan ne ake shimfiɗa hanyar jirgi ta nufo garin, auduga tana daraja, duk wanda ya samu abin hannu kuma can yake so ya gina gida. Mazaunanta attajiran auduga ne da fataken goro da ma'aikatan En'e, sai manyan malamai uku waɗanda saboda su ne ma sauran suka taru a wurin. Gidajen soraye ne masu zanko, an shafe su da makuba, kowanne da zaure biyu.

Abu biyu ake yi wa unguwar kirari da su: karatu da lambu. Kowane malami cikin ukun yana da zaure cike da yara, ga kuma sabuwar makarantar boko mai aji ɗaya a ƙarshen hanya. Lambun yana tsakiyar unguwa, an kewaye shi da darni, akwai tsamiya da lemun tsami da gwanda da rijiya mai jigo. Ba na mutum ɗaya ba ne, kowa yana aika baransa ya yi ban ruwa. A bakinsa akwai wani tsohon durumi, nan manya ke shimfiɗa buzu bayan salla, yara kuma su shige ciki su yi ta guje-guje.

Mutanen kirki ne, ba zan ci amanarsu ba, amma sun iya rufa wa kansu asiri har ya wuce misali. A unguwarmu ba a rashin lafiya, sai dai a ce mutum yana hutawa. Ba a karyewa, sai a ce wane ya rage harka. Ko akuya ce ta mutu a gida, ta ƙofar baya ake fitar da ita.

Ni kuwa ɗan manoma ne daga Nahuce. Karatu ne ya kawo ni birni, kyan rubutu ya ba ni aiki, aikin kuma ya ba ni ɗan gida a ƙarshen layin attajirai. Ranar da aka fara matsa mini wuri a gindin durumi na zauna, sai da na ji kamar an naɗa ni sarauta. Ina ɓoye fason ƙafata a ƙarƙashin riga, ina tauna magana kafin in fitar da ita, don kada a ce baƙauye ya shigo cikin mutane. Wannan tsoron ya fi komai yi mini ɓarna a rayuwa.

Ina da 'ya'ya uku a lokacin. Biyu ƙanana, mace da namiji, waɗanda nake ɗauka in ɗora a cinya a gaban kowa. Sai babban, ɗan farina. Yaran yanzu ba za su gane ba, don haka bari in faɗa. A wurinmu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya nuna ya san da shi. Uwar ta fi uban ɗaurewa, ita ko kallonsa ba ta yi in da ido a wurin. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar gida. Tun da aka yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi, ya tashi a hannunta a Nahuce. In dole ta kama a ambace shi, sai mu ce na wajen Inna.

Da ya kai shekara bakwai na so a kawo shi karatu, don na ga abin da karatu ya yi mini. Ban iya faɗa ba. Gwaggona, ƙanwar mahaifina da ke zaune tare da mu, ita ta karanci fuskata, ta je Nahuce ta yi ta fama da Inna har ta taho da shi. Daga ranar Gwaggo ce bakinmu a kansa. In rigarsa ta yage ita za ta ce a ɗinka wata, in ya yi laifi ita za ta tsawata, in ya yi zazzaɓi ita za ta nemo magani. Shi ma ya san matsayinsa. Malam yake ce mini kamar kowa, in muka haɗu a zaure ya raɓe jikin bango har in wuce.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba a lokacin. Da hantsi karatu yakan tashi daga zaurukan nan uku lokaci guda, har unguwa ta ɗauka. A cikin muryoyin nan duka ina gane tasa. Tana da ɗan kaushi, kuma yana jan ƙarshen aya irin karatun ƙauye, duk dukan da malaminsa ya yi bai bari ba. Kullum sai in tsaya a zaure ina gyara rawani, ina sake gyarawa, har sai na tsinto muryar, sannan in tafi wurin aiki.

A bazarar shekarar, jikar Gwaggo ta haihu a Kuceri ta ƙasar Tsafe, Gwaggo ta tafi wankan jego, kwana arba'in. Ba ta fi mako guda da tafiya ba zafi ya sauka irin wanda ban taɓa gani ba. Gulbi ya ƙafe sai an tona yashi. Ganyen gwanda a lambu ya yi laushi ya rataya. Sai aka fara raɗe-raɗin sanƙarau a cikin gari, ciwon nan da ke kama wuya ya sandare, ya ɗauke yaro cikin kwana biyu. A gindin durumi aka ce wannan ciwon unguwannin cunkoso ne, inda ake kwana goma a ɗaki. Aka yi addu'a, aka ci gaba da hirar auduga.

Na farko a unguwarmu ɗan wani falken goro ne. Aka ce an kai shi ƙauye wurin kakanni. Amma ni ina dawowa daga aiki na ga mutum huɗu sun fito ta ƙofar bayan gidan da tabarma a naɗe, suna sauri. Da la'asar uban ya zo ya zauna a wurinsa, idonsa ja wur, ya ce hayaƙi ne. Muka ce Allah ya sawwaƙe hayaƙi. Bayan kwana uku aka ce wani yaron ma an kai shi ƙauye, sannan wasu biyu 'yan gida ɗaya.

Karatun safe ya fara sirancewa. Da can ba ka iya raba zaure da zaure, yanzu sai ka ji wannan daban, wancan daban, da shiru a tsakani. Yara suka daina gudu a lambu. Jigon rijiya kaɗai ke kuka da rana. Ni dai ina tsayawa a zaure da rawani a hannu, in na ji muryar nan mai kaushi sai in sauke numfashi.

Babban mai faɗa a ji a gindin durumi wani dattijo ne da ya je Makka da ƙafa ya dawo, shi kaɗai ne Alhaji a unguwar, kuma ba ya bari a manta. Shi ya yanke shawara. Ya ce in duba-gari suka ji, za su rufe makarantu, su kwashe marasa lafiya zuwa bukkoki a bayan gari kamar kutare, sunan unguwa ya lalace har abada. Mata da ƙananan yara suna iya tafiya ziyara, wannan ba mai tambaya. Amma yaran da ke karatu kada wanda ya cire nasa, don in zauruka suka yi shiru an tona asirin kowa. Muka ce haka ne. Har da ni, kuma da ƙarfi na faɗa don a ji.

Labari ba ya ɓoyuwa. Ya kai Nahuce, Inna ta turo ƙanena da jakai biyu. Ya iso da la'asar, bai same ni a gida ba, aka nuna masa gindin durumi. Ya zo da ƙurarsa da warkinsa, ya durƙusa ya gaida manya, sannan ya juyo gare ni. Ƙanena mutum ne da bai iya kewaye-kewaye ba.

Ya ce, "Yaya, mun ji abin da ka hwaruwa garin ga. Inna ta ce in taho da yara duka, kada in baro ko ɗaya."

Na ce ƙananan biyu za su bi shi gobe, dama suna marmarin kakarsu.

Ya ce, "Wancan hwa?" Ya nuna da baki.

Na bi bakinsa da ido. Yaron yana tsaye a jikin darni, bai fi taku goma daga inda muke ba, allonsa a hammata. Ya ga jakunan gidansu, ya gane su, fuskarsa ta washe. Sai Alhaji ya gyara zama, ya yi murmushi, ya ce, "To, yau za mu gani ko mutanen Nahuce sun san kunya."

Wasa ne, irin wanda ake yi wa kowane uba a kan ɗan fari. Da na ce Inna ce mai yaro, ita ta aiko, ba ni da ta cewa, da an yi dariya an wuce, don ko a al'adar wannan amsa ce mai kyau. Na san da ita. Amma idanun mutum goma suna kaina, ga maganar da na goyi bayanta da ƙarfi kwana biyu da suka wuce, ga ƙanena da warki yana tuna wa kowa inda na fito.

Na ce, "Wane? Ni ban san da wani yaro ba. In na wajen Inna kake nufi, karatu aka kawo shi yi, ba yawo ba."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce Malam ya iya. Alhaji ya miƙo mini goro da hannunsa. Kuma tunda na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya a wannan rubutu, sai in ce na ji daɗi. Na tauna goron nan ina jin daɗi. Da na sake duba jikin darni ba kowa a wurin.

Ƙanena bai ci abincin gidana ba ranar. Da safe ya ɗora ƙananan biyu a kan jaki ɗaya, ya ce, "Yaya, ka sake tunani. In na tahi na tahi." Na ce ya gaida Inna. Yaron ya riƙe igiyar jaki na biyu ya raka su har kwanar lambu, can ya miƙa wa ƙanena igiyar, ya juya ya shiga zauren malaminsa.

Uwarsa tana tsaye a bayan ƙyaure tana kallo. Da na shigo ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, jakin ga na biyu, ba kowa bisa nai."

Na ce, "Na gani."

Iyakar maganar da muka yi ke nan a kan ran ɗanmu. Ita tana jira in faɗa, ni ina jira wani ya faɗa a madadina, mai faɗar kuma tana Kuceri tana dafa ruwan wanka. Na zauna na rubuta wa Gwaggo takarda. Ni da nake rubuta wa alƙali wasiƙun da ke raba gado da gona, na cika shafi da gaisuwa da tambayar jariri da labarin zafi, na kasa sa layi ɗaya in ce ki zo ki ɗauke yaron nan. Na ce za ta gane. Mai kai saƙo ya dawo ya ce tana gaisuwa, jariri yana tsotso lafiya, sai bayan arba'in.

Kwana shida aka yi a haka. Ɗaya daga cikin malaman ya rufe zaurensa, aka ce ya tafi ziyara. Gindin durumi ya rage mutum biyar, su ma kowa ya ja buzunsa nesa da na ɗan'uwansa, ana hira ana satar kallon wuyan juna. Uwar yaron ta koma dafa duk abin da ta san yana so, ta ajiye a bakin ɗakin Gwaggo ta wuce kamar mantuwa ta yi. Ni kuma na yanke a raina cewa ran Juma'a zan nemi wani mai zuwa Bungudu in haɗa su a ɓoye, daga can a ƙarasa da shi gida. Kullum Juma'ar tana nan gaba, kwana uku, kwana biyu.

Ran Alhamis ba a karatu, amma malaminsa ya tara waɗanda suka rage don tilawa, wai kada unguwa ta yi shiru. Na tsaya a zaure na ji muryar. Ta ɗauki sura, ta kai tsakiya, ta tsaya. Na jira ta ci gaba. Sauran muryoyi uku ko huɗu suka ci gaba ba ita. Na ce wa kaina ruwa ya tashi sha. Na naɗa rawanina na tafi aiki, kuma har yau ban san abin da na rubuta a ranar ba.

Na dawo bayan azahar. Uwarsa tana tsaye a zaure na biyu, inda ba ta taɓa fitowa ba, da akushi a hannu. Ta ce, "Abincin wancan ya huce."

Ban shiga gida ba. Na je zauren malamin, ya ce tun hantsi yaron ya ce kansa na ciwo, ya sallame shi gida. Tsakanin zauren da gidana ba komai sai lambu. Na wuce ta gaban mutanen durumi ban yi sallama ba, na tura ƙofar darni.

Yana kwance a gindin tsamiya, allonsa a gefe. Ya zo rabin hanya ne, ina jin bai san wa zai je ya gaya wa ba, tunda Gwaggo ba ta nan, sai ya kwanta a inuwa. Kansa ya lanƙwashe baya, idonsa a buɗe yana kallon ganye. Ƙudaje sun taru a gefen bakinsa.

Nan na kira sunansa. Sunan da aka raɗa masa shekara bakwai da suka wuce, ina ɓoye a gonar kawuna don kunya. Bai taɓa fita daga bakina ba sai ranar, kuma da ihu ya fita, har tsuntsaye suka tashi daga kan tsamiya. Na sake kira, na sake. Na durƙusa na ɗauke shi. Jikinsa kamar tukunyar da aka sauke daga wuta, kuma ba shi da nauyi ko kaɗan. Ban taɓa sanin nauyinsa ba.

Na fito da shi a kafaɗa. Mutanen durumi suka miƙe tsaye. Alhaji ya tare ni da sandarsa daga nesa, ya ce, "Malam, bi ta baya, ka bi ta baya, mutane na gani!"

Na ce, "Su gani. Ɗana ne. Kauce mini, tsohon banza."

Na bi ta tsakiyar hanya, rana tsaka, rawanina ya warware yana jan ƙasa, ina kiran sunan har ƙofar gida. Uwar ta yar da akushi ta karɓe shi ta rungume, tana kuka tana kiran sunan ita ma. An kira wanzami ya yi ƙaho a ƙeya, an yi rubutu, an jiƙa saiwa. Washegari duba-gari suka zo, don rabin gari ya ji labarin magatakardan da ya haukace. Suka rufe makarantun duka, suka bi gida gida, suka fitar da yara daga ɗakunan da aka ɓoye su. Aka kai su bukkokin bayan gari. Na bi nawa, na zauna a kansa ina ɗiga masa ruwa a baki da tsumma. Ba wanda ya zo gaishe ni daga unguwarmu, ni ma ban sa ido ba.

Da yawa daga bukkokin nan ba su fito ba. Shi ya fito. Ranar da zazzaɓin ya sake shi, na fita nemo kunu, na dawo na same shi zaune a bakin bukka, ya ba ni baya, yana wasa da kara a ƙasa. Daɗi ya cika ni. Na kira shi a hankali, yadda na daɗe ina so in kira shi. Bai juyo ba. Na ƙara murya. Na tafa hannu a bayan kansa. Ƙoƙon kunun ya kufce mini ya fashe a ƙasa, sai da kunun ya fallatsa masa a ƙafa sannan ya waiwayo, ya gan ni, ya yi ƙoƙarin tashi ya raɓe don in wuce.

Ciwon ya tafi da kunnuwansa duka biyu. Inna ta zo da kanta ta ɗauke shi. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta dube ni kawai ta ce, "Jakai biyu na aiko."

Ban ƙara shekara a unguwar ba. An buɗe makarantun bayan ruwa ya sauka, lambu ya yi kore, karatu ya sake tashi da hantsi, ni kuwa ban iya tsayawa a zauren nan ba. Na ajiye aiki na koma Nahuce. Al'adar ba ta mutu don ni ba, kuma ban ce ita kaɗai ce mai laifi ba. Ta bar mini ƙofa ranar a gindin durumi, ni na ƙi bi saboda goro ɗaya da dariyar mutum goma.

Ya girma ya zama manomi, ya fi ni iya riƙe garma, yana da mata da 'ya'ya, har furfura ta fara fito masa. Maganarsa ta lalace a hankali har ta koma 'yan sautuka, da hannu muke hira. Ɗansa na fari kuwa a kafaɗa ya raine shi, duk surutun mutane bai ji ba. Akwai tambaya ɗaya da na kasa yi masa, don ban san yadda ake yin ta da hannu ba: ko ya ji ni a gindin tsamiya, ko kunnen ya riga ya tafi. Abin da na tabbata ya ji shi ne wanda na faɗa a gindin durumi, cewa ban san da wani yaro ba.

Yanzu na tsufa, ba na noma. Da safe nakan dogara sanda in bi shi gona in zauna a kan kunya. In ya sunkuya ya ba ni baya, sai in kira sunan nan, sau ɗaya, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci. Shi kuma ya ci gaba da nomansa.